Kafin Mu Karɓi Tsohuwar Karya a Gida

A wannan karo za mu yi magana a kan dabbar da kowa ya sani amma ba a cika tattauna lamarinta ba. Dabbar nan ita ce karya, wato macen kare. Sabbin masu karatu su lura: karya ake rubutawa da ka mai sauƙi, ba ƙarya mai lanƙwasa ba.

A ƙasar Kona, da sauran garuruwan gundumar Tasawa kamar Korgom da Hawandawaki da Maijirgi, har zuwa gundumar Mayahi, akwai mutanen da ke ajiye karnuka don amfani. Mafarauta suna da su. Makiyaya suna da su. Masu lambu da masu gidajen gona ma haka. A cikinsu akwai waɗanda ke riƙe da karya mai kyan iri domin ta riƙa haifa musu kwiyakwiyai. Idan ta haihu, su zaɓi na zaɓa, su sayar da wasu, su yi kyauta da wasu.

To amma shekaru ba su bar kowa ba. Wata rana gudunta zai ragu, haihuwarta ta yi wuya, ƴaƴan su riƙa zuwa kaɗan. A nan ne mai ita yake neman wanda zai ba. Sai ka ji ya ce wa maƙwabcinsa: "Malam, ga tsohuwar nan tawa, ka ɗauke ta ta yi maka gadin awaki." Wani ya karɓa nan take don kyauta ce. Wani kuma ya ƙi, a sake ta tana yawo a bola da bayan mahauta.

Abin da muke so mu bayyana shi ne: tsohuwar karya tana iya zama mai gadi nagari a gida, amma sai an bi ƙa'ida. Wanda ya karɓe ta da ka, yana iya shigo wa iyalinsa da cutar da ba ta da magani.

AMFANIN TSOHUWAR KARYA

Kwikwiyo yana da ɓarna. Yana cizon takalma, yana korar kaji, yana tone shuka. Sai an yi watanni ana horonsa. Ita kuwa tsohuwar karya ta wuce wannan. Ta san mutane, ta san dabbobi, ta san kira. Halinta ya riga ya bayyana, don haka ana iya tambaya a san irin wadda za a kawo gida.

Aikinta shi ne ta ji motsi ta yi haushi. Wannan ba ya bukatar gudu ko ƙarfi. Haushinta da dare ya isa ya tashi maigida idan ɓarawo ya nufi garke ko rumbun hatsi. Wanda aka taɓa kwance wa rago daga turke ana gab da Layya ya san darajar wannan.

Malamanmu sun yi bayani cewa ya halatta a ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. Sun kuma koyar da cewa idan kare ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau 7. Saboda haka wurin karya shi ne kusa da garke ko bakin ƙofa, da kaskonta na daban. Ba a sa ta a ɗakin kwana, ba a barin ta a madafa. Masana kiwon lafiya ma abin da suke faɗa ke nan.

Ba mu kaɗai ke da wannan lamari ba. Karen Azawak, dogon nan siriri na makiyayan arewa, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma ana kiwonsa a can har yau. A Ingila, babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ba ta rajistar kwiyakwiyan karyar da ta riga ta haihu sau 4, kuma bisa ƙa'idarta ba a son karya ta ci gaba da haihuwa bayan shekara 8. Daga nan sai a nema mata gidan da za ta huta. Darasin da ke ciki shi ne: jikin karya yana gajiya da haihuwa, kamar yadda gona take gajiya idan ba a ba ta taki ba.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN A KARƁA

Kada kunya ta hana mu tambaya. Ko da mai kyautar babban mutum ne, a yi masa godiya, sannan a tambaye shi cikin ladabi:

1. Shekarunta nawa, kuma sau nawa ta haihu?
2. An taɓa yi mata allurar rigakafin haukan kare? Yaushe? Akwai takarda?
3. A cikin wata 6 da suka wuce, wani kare baƙo ko dila ko wata dabbar daji ta cije ta?
4. Ta taɓa cizon mutum? Ta saba da yara?
5. Tana kama kaji ko ƴan awaki?

Tambaya ta uku ita ce mafi girma. Idan an ce wani karen da ba a san shi ba ya cije ta, kada a karɓa. A kai maganar ga ma'aikacin kiwo.

Bayan tambaya sai dubawa. A dube ta da rana, mai ita yana riƙe da ita. A duba idanu, kada su kasance da kwantsa mai yawa. A duba fata, ko akwai ƙazwa ko gyambo. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska take ɓuya. Mai ita ya buɗe bakinta a ga haƙora. Babban kare yana da haƙora 42, amma tsoho yakan rasa wasu, wasu kuma su gutsure. A shafa nonuwanta a ji ko akwai ƙullutu. A sa ta yi tafiya a ga ko tana ɗingishi.

Rashin haƙori ko ɗan ɗingishi ba su hana a karɓe ta. Alamun tsufa ne. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13 idan ya sami kulawa, kuma daga shekara 7 ko 8 ake lissafa shi cikin tsofaffi.

HAUKAN KARE: BABBAN HAƊARI

Ciwon haukan kare ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko idan kare ya lashi gyambo. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara. Kusan dukansu a Afirka da Asiya suke. A cikin kowane mutum 10 da ciwon ya kashe, kimanin 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili kuwa, yara ne ke wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Mugun halin ciwon shi ne jinkirinsa. Raunin cizo yana warkewa, a manta da shi. Bayan wata 2 ko 3, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, sai alamu su fito: zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa, shaƙewar maƙogwaro. Idan alamu suka fito, babu sauran magani. Amma idan an je likita tun ranar cizo, allura tana hana ciwon tashi. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara gwada wannan allura a jikin mutum a shekarar 1885. Ya yi wa wani yaro mai shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu.

A jikin kare ma ciwon yana ɓuya, har tsawon watanni, kare yana cin abinci lafiya lau. Shi ya sa muka ce a tambayi labarin wata 6. Allurar rigakafi tana kare lafiyayyen kare, amma ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta kama.

Ga alamun mahaukacin kare: halinsa ya sauya farat ɗaya, mai sanyi ya zama mafaɗaci, ko mafaɗaci ya yi laƙwas. Yana dalalar da yawu. Muryarsa ta dushe. Yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gani. Wani kuwa ba ya faɗa sam, sai dai muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafun baya su shanye. Kada wanda ya sa hannu a bakin irin wannan kare da sunan cire masa ƙashi.

Rigakafi ya fi magani. Tun makon farko a nemi ma'aikacin kiwo na karamar hukuma, ko a tambaya a ma'aikatar kiwo ta Tasawa ko ta Mayahi, a yi wa karyar allura. A karɓi takarda a adana ta tare da takardun gida. A riƙa sabunta allurar a lokacin da ma'aikacin ya faɗa. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, ciwon yana daina yawo. An gwada haka a birnin Njamena na ƙasar Cadi a 2012 da 2013, kuma haukan kare ya ragu ƙwarai a birnin a lokacin. Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

IDAN KARE YA CIJI MUTUM

1. A wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har tsawon minti 15. A duba agogo ko waya, kada a yi kintace.
2. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa, ko gashin kare da aka ƙona. Kada a ɗaure raunin tamau.
3. A tafi likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Cizon fuska da wuya da hannu ya fi gaggawa.
4. Allurar ba ɗaya ba ce. Ana yin ta a ranaku daban-daban. A cika ta duka yadda malamin asibiti ya tsara.
5. A ɗaure karen a keɓe, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10 zuwa 15. A sanar da ma'aikacin kiwo. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin nan kafin a je likita.

Mu gaya wa yaranmu: "Idan kare ya cije ka ko ya yaƙushe ka, ka faɗa mini. Ba zan doke ka ba." Wannan magana kaɗai tana iya ceton rai.

MAKO BIYU NA FARKO

Karyar da ta shekara 7 a gida ɗaya ba za ta saba da sabon gida a kwana ɗaya ba. Tana iya ƙin abinci. Tana iya kuka da dare. Idan aka sake ta, za ta koma gidanta na da. Wannan ba taurin kai ba ne, kewa ce.

A shirya mata wuri tun kafin ta zo: inuwa, ƴar rumfa da ba ta yoyo, tsohon buhu na kwanciya, kaskon abinci da na ruwa. A ɗaure ta da igiya mai tsawo, wadda ba ta shaƙe wuya. Idan da hali, tsohon mai ita ya rako ta da kansa, ya bar mata buhun da ta saba kwanciya a kai.

Mutum ɗaya babba ya riƙa ba ta abinci, a lokaci ɗaya kullum. Ya riƙa kiran ta da sunan da ta sani. Safe da yamma ya zaga da ita da igiya, ta ga garke, ta ga iyakar gida. Kada a doke ta. Duka yana sa kare tsoro, tsoro kuwa shi ke kawo cizo.

A cikin mako biyun nan yara su tsaya nesa. Bayan haka a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, babba yana tsaye. A koya musu dokoki huɗu: ba a taɓa kare yana cin abinci, ba a tashin sa daga barci da hannu, ba a jan wutsiya ko kunne, ba a hawan bayansa. Tsohuwar karya tana iya fama da ciwon gaɓoɓi, jinta da ganinta sun ragu. Idan aka taɓa ta ba zato, tana iya kai cizo. Kada a bar jariri ko mai rarrafe shi kaɗai da kare, kome sabonsu.

Karyar mafarauci ta saba bin zomo. Saboda haka a lura da ita wajen kaji da zabi da ƴan awaki. A fara nuna mata su tana ɗaure, har a ga ta daina zabura.

TSUFA BA YA TSAYAR DA HAIHUWA

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Mace ƴar Adam tana kai shekarun da haihuwa take tsayawa. Karya ba haka take ba. Muddin tana raye tana shiga lokacin neman namiji, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma tana iya ɗaukar ciki. Cikin kare kwana 63 ne, wato wata biyu da ƴan kwanaki. Ga tsohuwa, ciki da naƙuda haɗari ne.

Alamar lokacin ita ce kumburin gaba da ɗigar jini kaɗan, karnuka maza kuma su yi ta zarya a ƙofar gida. Yana ɗaukar kamar mako 3. A tsare ta a wuri mai ƙofa har ya wuce. Taron karnukan nan yana kawo faɗa da cizo, ta nan kuma hauka ke shigowa. Inda akwai likitan dabbobi mai yin aikin cire mahaifa, a nemi shawararsa.

Akwai ciwo biyu da ke yawan kama tsohuwar karya. Na farko shi ne taruwar mugunya a mahaifa. Yakan zo mako 2 zuwa 8 bayan lokacin neman namiji. Za a ga tana shan ruwa da yawa, ta ƙi abinci, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari yana fita ta gabanta. Wannan ciwo yana kisa cikin kwanaki, a nemi likitan dabbobi da sauri. Na biyu shi ne ƙullutu a nono. A riƙa shafawa sau ɗaya a wata. Idan an ji ƙullutu, a nuna shi tun yana ƙarami.

ABINCI DA RUWA

Wanda ba zai iya ciyar da kare ba, kada ya karɓa. Karen da ke jin yunwa shi ke zuwa bola, shi ke satar kaji, shi ke haɗuwa da karnukan yawo.

A ba ta abinci sau 2 a rana. Tuwon hatsi ko na dawa da aka jiƙa ya yi laushi, da dafaffen wake, da ɗan nono, da guntun nama ko kifi dafaffe idan an samu. Hatsi kaɗai ba ya riƙe ta. A guji abinci mai albasa da tafarnuwa da yawa, domin suna lalata jinin kare. A guji ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soki hanji.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Karya matsakaiciya tana shan kusan lita 1 a rana, fiye da haka a bazara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kare da aka ɗaure a rana yana iya mutuwa a yini ɗaya. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi.

TSUTSA DA KASKA

Mahauta sun san wannan: wani lokaci idan an feɗe tunkiya ko raƙumi ko saniya, ana ganin ƙulli mai ruwa a hanta ko a huhu. Mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Wannan kuskure ne babba. A cikin ƙullin akwai ƴaƴan wata tsutsa. Idan kare ya ci, tsutsar tana girma a hanjinsa, ƙwanta yana fita a kashinsa. Idan ƙwan ya shiga bakin mutum ta hannu mai dauɗa ko ta abinci, irin wannan ƙulli yana tsirowa a hantar mutum ko huhunsa. Yana shekaru yana girma, kuma sau da yawa sai an yi aiki a asibiti.

Don haka a ƙona irin wannan nama ko a binne shi da zurfi, musamman ranar Layya. A ba karya maganin tsutsa daga hannun ma'aikacin kiwo duk bayan wata 3. A kwashe kashinta kullum a binne. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, kuma kafin a ci abinci.

Kaska tana yawa da damina. A cire ta da hantsaki, a kama kusa da fata, a jefa a wuta. Kada a yi wa kare wanka da maganin feshin wake ko na ƙwarin rumbu. Guba ne gare shi, guba ne ga yaron da zai shafa shi. Haka kuma kada a ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ake saya a tebur. Abin da ke sauƙaƙa wa mutum yana iya kashe kare.

AMANA CE

Kafin a ce an karɓa, maigida ya zauna da uwargida da manyan ƴaƴa. Wa zai ba ta abinci? Wa zai kwashe kashi? Idan maigida ya tafi cin rani, wa zai kula da ita? Akwai kuɗin allura da na maganin tsutsa? Idan ba a sami amsa ba, gara a ce wa mai kyauta: "Na gode, amma ba zan iya ba." Wannan ya fi a karɓa yau a kore ta gobe.

Su ma masu karnuka muna kira gare su. Karyar da ta yi muku shekaru tana haihuwa, ba daidai ba ne a saka mata da kora. Karen da aka yasar shi ke zama karen yawo, kuma cikin karnukan yawo hauka ya fi yaɗuwa. Ku riƙe ta, ko ku ba wanda zai riƙe ta, ku kuma faɗa masa gaskiyar halinta da lafiyarta.

Wanda ya karɓa ya sani shekarun da suka rage mata ba su da yawa, watakila 3, watakila 5. Wata rana haushin ma zai gagare ta. A ranar nan ma tana da hakkin inuwa da ruwa da abinci.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. A cibiyoyin yaƙi da jahilci kuma a tattauna: karnuka nawa ne a garinmu, nawa aka yi wa allura? Idan an ƙidaya, a kai lissafin ga maigari, a nemi ma'aikacin kiwo ya sa rana ɗaya ya zo ya yi wa duka.